Tabon Butar Ivor

Ludlow, ranar Laraba

Zuwa ga Gwenda, hasken safiyata a garin da rana ke rowar fitowa, furen tuffa da ya buɗe mini bayan na ɗauka itacen ya gama haihuwa, ɗumin murhuna a tsakiyar sanyi, wadda takunta a ƙofar shagona ya fi mini ƙararrawar coci daɗin ji.

Jiya na yi kiciɓis da 'yarki Nerys a wurin mai burodi. Ta gaishe ni sama-sama, sannan ta ce ranar Litinin za ku hau jirgin ƙasa zuwa Inverness, can arewa mai nisa, kin yarda ki koma wurinta da zama, gidan kuma za a kulle shi. Na fito ban ɗauki burodin ba. Tun daga lokacin hazon da ke kwance a kan kogi ya biyo ni har cikin shago, ya zauna mini a ƙirji, ya ƙi tashi. Ashe tafiya za ki yi, ya sanyin idona, ba ki ko leƙo kin zage ni ba? Da zagin ma na karɓa hannu biyu.

Teburinki mai fuskar da ake tayarwa a kwantar yana nan a inda kika bar shi, fuskarsa a tsaye, jingine da bango, kamar yadda irinsa ke tsayawa a gidan da ba a jiran kowa. Sai sheƙi yake yi, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi.

Kin tuna ranar da kika fara kirana shan shayi, shekara biyu da suka wuce? Ana ta yayyafi, na shigo hulata na ɗigar ruwa. Kika je lungun falo, kika ja sakatar da ke bayan teburin, fuskarsa ta kwanta a hankali a kan ƙafafunsa. Kika ce, "Shekara shida rabon da in kwantar da shi. Zauna, Hedley, ka daina leƙa ƙafafunsa kamar mai tayin saniya." Kika yanko mini kek ɗin tuffa, kika zuba shayi, ni kuma tsohon kafinta mai shekara saba'in na rasa inda zan ajiye hannuwana. Ban taɓa gaya miki ba, amma a ranar na san cewa ba tebur kaɗai kika kwantar domina ba.

A ranar kuma na ga tabon. Baƙin zobe ne daidai gindin buta, can gefen hagu. Na tambaye ki, ba ki ɓoye mini ba. Kika ce na Ivor ne, marigayi mijinki. Ranar da hannunsa ya fara rawa ya dire butar da zafinta a kan katakon, bai kai ga 'yar tabarmar da ake ɗora ta a kai ba, kuma daga wannan rana ciwon bai sake shi ba har ya tafi. Kina faɗa, yatsanki yana zagaya zoben. Duk Lahadin da ta biyo baya na lura a nan kike ajiye tafin hannunki idan kina magana.

To ina hankalina ya je? Da sakatar ta karye kika sa aka kawo mini teburin, har da 'yar takarda a ɗaure: "Sakatar kawai, Hedley." Cikin rabin awa na gama da ita. Shekara hamsin ina wannan sana'a. Ni ne mai yi wa masu kawo gyara faɗa, ina ce musu fatar tsohon katako ba a taɓa ta, domin hannuwa da kakin zuma da hayaƙin murhu sun yi shekara ɗari biyu suna haɗa ta, kuma wanda ya kankare ta ya kashe tebur ya bar gawarsa. Ni ɗin dai na ɗauki makankari. Mako uku ina goga, ina shafa mai, shafi a kan shafi, ina gaya wa kaina kyauta nake shirya miki. Garin neman gira na rasa ido.

Da kika zo ɗauka, na yaye ƙyallen ina washe baki. Kika ɗora tafinki a gefen hagu, kika shafa, kika sake shafawa. Kika ce, "Ya yi kyau. Na wane ne?" Na ce naki mana. Kika ce, "Nawa yana da tabo. Riƙe abinka." Kika ɗaura gyalenki kika fita, ko ƙofar ba ki buga ba. Wannan rufe ƙofa a hankali shi ne ya fi yanka ni.

Zan iya ce miki kuskure ne, hannun ma'aikaci ne ya zarce. Ba zan yi miki ƙarya ba. Na san tabon wane ne. An ce kishi kumallon mata ne, ashe har tsohon kafinta yana amansa. Duk Lahadi ina zaune a gabanki, hannunki yana kan wani mutum. Na yi kishin mamaci, Gwenda, mutumin da bai taɓa tsare mini komai ba, wanda ya koya miki irin son da na zo na tarar a wurinki na ci moriyarsa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gara ki ƙi ni a kan gaskiya.

Kin san akwai dabarar da muke yi a sana'armu. Da zoben ƙarfe mai zafi, da ɗan toka, da ruwan shayi mai kauri, ana iya mayar da tabo yadda ko dillalin da ya tsufa a harkar ba zai gane ba. Na san faɗinsa, na san inda yake, idona a rufe zan iya zana shi. Da safiyar yau har na sa ƙarfen a wuta ya yi ja. Sai na tsoma shi a bokiti. Na riga na share mutum sau ɗaya, ba zan dawo miki da shi na jabu ba. Abin da na goge ya gogu, kuma babu gwanin da zai iya mayar da shi, har da ni.

Ga abin da nake roƙo, ya ke wadda rabuwa da ita ta mai da mini gari kango. Ranar Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma, zan ja sakatar in kwantar da teburin a tsakiyar shago. Zan jera kofi uku. Na ukun na Ivor ne, a gefen hagu, inda ya kamata tun farko in bar masa wurinsa. Ki zo ki ba ni labarinsa, duk wanda ban taɓa tambaya ba saboda ƙyashi, in saurara har shayin ya huce. Ban ce ki fasa tafiya ba. Wane baki gare ni? Awa ɗaya kawai nake nema, kafin jirgi ya ɗauke ki zuwa inda ƙafata ba za ta kai ba.

Idan ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba. Zan tayar da teburin in mai da shi jikin bango, kuma ba zai sake kwanciya don wani mahaluki ba muddin ina numfashi. Ba zan sayar ba, ba zan bayar ba. Haka zuciyata ma za ta tsaya, tana jiran hannu ɗaya da ya san inda sakatarta take.

Idan kuwa kin zo, butar za ta kasance a kan wuta, tana tafasa. Tabarmarta na riga na ɓoye ta. Ki ɗauko ta da hannunki, ki dire ta a duk inda kika ga dama a kan wannan sheƙin banza, ni kuma na yi miki alkawari ba zan ƙara goge komai naki ba.

Naki da tabo ko babu, har ranar da wani kafintan zai auna tsawona,

Hedley