Ni na karya hannun taubashina, amma mai kabu-kabu ake duka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Shawararku nake roƙo don Allah, wanda zai zage ni ma ya zaga, na cancanta, amma in ya gama ya gaya mini abin yi.

Ni mahauci ne a Jega, karatuna bai wuce firamare ba. Shekarun da aka yanko mana jihar Kebbi daga Sakkwato ina cikin ƙuruciya, ina dambe kamar yawancin 'ya'yan mahauta, da kaka mu bi ƙauyuka har Maiyama. Dambe na bari da daɗewa, amma hannun bai bar ni ba. Na mari mai saye a kan tayi, na fasa wa direba baki a tasha, 'ya'yana in suka ji takuna sai gida ya yi tsit. Bana jiri ya kayar da ni a mahauta, likita ya ce hawan jini ne, in bar gishiri da kitse, in rage fushi. Na ji tsoron in mutu a haka. Sai na yi wa Allah alkawari zan kiyaye abin da nake ci, ba zan bar jam'i ya wuce ni ba, kuma ba zan sake ɗaga wa ɗan Adam hannu ba. Na fara takawa masallaci da ƙafa, na fara gaida maƙwabtan da na yi shekaru ina shan musu toka, har matata ta ce ko an canza mata miji.

Ina da taubashi, ɗan ƙanen mahaifiyata, bari in kira shi Manu. Kun san wasan taubasai, duk abin da ya faɗa maka sai dai ka rama da baki, fushi da shi abin kunya ne. Tun da na fara wannan gyara ya sa ni gaba, in ya gan ni sai ya ce ga waliyyin mahauta, a ba shi hanya kar ladansa ya zube. Ina dariya, amma ciki yana tafasa.

Kwanan baya muka ɗauki mai kabu-kabu, wani magidanci da muka saba hawa mashin ɗinsa, zuwa wajen Kashin Zama duba wani sa. A hanyar dawowa muka tsaya gindin bishiya, Manu ya kwance tsire ya riƙa goga mini a hanci, wai in ci, ai likita ba ya nan. Na ce ya bari. Sai ya tono ranar da wani manomin Gumbin Kure ya shimfiɗe ni a filin dambe gaban mata, yana kwaikwayon yadda na faɗi, har da harba ƙafa sama. Wallahi ban san sa'ad da hannuna ya tashi ba. Na same shi a muƙamuƙi, ya faɗi kan saiwa, na bi shi na taka. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena, ni da na san wannan ƙara a wurin aiki. Haƙoransa na gaba suka zube, jini ya jiƙa rigarsa, hannun dama ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Mai kabu-kabu ne ya riƙe ni ta baya yana salati.

Muka kai Manu wurin masu ɗori a Aliero. Kafin mu shiga ya sa ni da mai kabu-kabu muka rantse, cewa za a yi mashin ne ya zame da mu a yashi. Da bakinsa mai jini ya ce mini, in aka ji taubashi ya daki taubashi a kan wasa, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, har iyayenmu da ke kabari. Na yarda da sauri, don ta yi mini daɗi.

To 'ya'yan Manu samari ne majiya ƙarfi, masu lodin albasa. Suka ce gudun mai kabu-kabu ne ya nakasa musu uba. Sun tare shi a tasha sun yi masa dukan tsiya, idonsa ɗaya har yau a kumbure, sun ƙwace mashin ɗin sun kulle a gidansu. Sun ce ranar da aka kwance ɗori, in hannun bai miƙe ba, nasa za su karya. Uban ya hana su, sun ce haƙurinsa ne ya yi yawa. Mai ɗori kuwa ya gaya mini a keɓe karayar ta yi muni, kar mu sa rai sosai.

Mai kabu-kabun nan bai tona ni ba. Jiya muka haɗu a sahu ɗaya, da aka sallame ya miƙo mini hannu, ya ce Baba ina gajiya, ya wuce. Iyalinsa da wannan mashin suke ci. Na koma wurin Manu na ce zan faɗi gaskiya, ya ce in na karya rantsuwar nan ba shi ba ni, ko gawarsa kar in bi.

Ba dukan yaran nake tsoro ba, su karya ni ma na yarda. Abin da nake tsoro, in na tsaya gabansu na faɗa, ɗaya ya kawo mini mari, ban amince da hannuna ba. Ina iya illata ɗan bayan na illata uban.

Malamai da dattawan zauren nan, rantsuwar da aka yi a kan ƙarya tana ɗaure ni? In je ta bayan Manu in sami liman da sarkin fawa su zaunar da yaran, ko in jira a kwance ɗorin, wataƙila hannun ya miƙe? In kuma tafiya ta kama, wa zan ce ya riƙe ni, kuma da wane baki zan ce wa ɗan Manu, yaron da aka yi wa suna a zauren gidana, ni na taka ubansa?