Kyamarar da Ba Ta Ga Sama Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki? Mu duk lafiya lau, sai gwiwar Umma da ke tashi jefi-jefi.

Ka yi haƙuri da karambanin da na yi na rubuto maka. Na san ka ce kada a neme ka, kuma za ka yi mamakin yadda takardar nan ta iso ƙofarka, alhali ko Kawu Direba a tasha kawai kuke haɗuwa. Wallahi ban yi bincike ba. Kyamarar da ka aiko mini ce ta faɗa.

Malamar labarin ƙasa ta ba mu aiki: kowa ya ɗauki hotunan bishiyoyin unguwarsu, mu ɗora su a taswira. Ta ce kyamarata ta fi ta kowa, domin tana magana da tauraron ɗan Adam, tana liƙa wa kowane hoto wurin da aka ɗauke shi. To, ka san ni da kunya. Na kasa fita titi da ita a wuya, masu shaguna suna kallona. Sai na tsaya cikin ɗakinmu na yi ta ɗauka ta taga.

Da Malama ta buɗe hotunan a kwamfutar makaranta, duk sai suka taru wuri guda a wani gari mai nisa. Aji ya kwashe da dariya, wata ta ce ashe a jirgin sama nake zuwa makaranta kullum. Malama ta ce rufin kwano ne ya tare kyamarar, ba ta ga sama ba, sai ta riƙe wurin ƙarshe da ta sani. Ni ban yi dariya ba, don na san hannun da ta fito. Da aka tashi na roƙi Malama ta faɗaɗa taswirar. Na ga layi mai tankin ruwa, da gini na biyu bayan gidan mai. Shi na kwatanta wa Kawu, bayan ya yi mini alkawarin kama bakinsa.

Ban gaya wa kowa a gida ba, amma Yaya, abin ya yi mini nauyi. Har yanzu Umma tana zuba abincinka ta rufe. Baba bai ƙara ambatar sunanka ba tun ranar da ya ce ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, kai kuma ka ajiye masa makullin shagon kafinta ka fita. Idan Umma ta ce ko wace duniya kake, sai in sunkuya kamar mai neman allura. Ka san ban iya ƙarya ba. Ka faɗa mini yadda zan yi. In ka ce in yi shiru, zan yi iyakar ƙoƙarina.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Kawu ya kawo mini saƙonka. Da na ga katin kyamara ne kawai a ambulan, babu ko layi ɗaya na rubutu, sai na ɗauka fushi ka yi. Na kai wa Malama. Hoto ɗaya ne a ciki: kai ne tsaye cikin rana a ƙofar shagonka, kana murtuke fuska irin ta Baba. Wurin kuma ya fito a taswira daidai. Malama ta ce duk mai sana'ar hoto ya san inda ake kashe abin da ke liƙa wa hoto wuri, kai kuwa waje ka fita, ka jira har kyamarar ta ga sama. Sai na gane amsarka.

Na sa an wanko hoton da taswirar, na ajiye wa Umma a kan keken ɗinkinta. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta hau faɗa, wai ka rame, kuma wane mugu ne yake maka aski.

Baba ya ce shi ba ya son gani. Amma da Umma ta shiga ciki, na hango shi ya ɗauka, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Can ya kira ni, ya ce in zo in ga aikin banza: ƙofar shagonka a karkace take, wanda ya kafa ta ko tsoron Allah ba ya yi. Yau da safe na ga ya sa guduma da abin awo da sababbin ƙusoshi a jakarsa, ya kuma aike ni in tambayi Kawu ranar da motarsa za ta tashi.

Bai ce zai zo ganinka ba, Yaya. Ƙofa ya ce zai gyara. Don Allah ka bar ta a karkace har ya iso, kuma in ya fara mita, ka riƙe masa ƙusa kawai.

Umma tana gaishe ka. In ka yarda, zan so in riƙa rubuto maka, ko da babu wani labari.

Ƙanwarka,
Auta