Gidan da Aka Ɓoye Tela

Wiesenrode, 4 ga Maris, 1996

Ɗana Detlef,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Silke da jikata. Yaya tarin da na ji kana yi a waya? Na sha gaya maka ka bar taba, amma kai ba ka jin magana. Ni lafiya lau, ƙafar ce kawai.

Jiya na shiga gidan burodi, matar mai burodin ta miƙo mini mujalla tun ban buɗe baki ba. "Irmgard, ɗanki ya daina mutuwa!" in ji ta. "Wannan karon da ransa zai kai ƙarshen fim." Kowa ya kwashe da dariya. Na ce mata ta kula da burodinta, kullum ƙanƙancewa yake yi. Amma ba ƙarya ta yi ba. Shekara goma sha biyar kana wannan sana'a da ban zaɓa maka ba. Sau shida na ga gawarka a fim ɗin 'yan sanda na ranar Lahadi. Sauran kuwa, baƙi ne daga Amurka da Ingila suke kiranka su sa maka kakin 'yan Nazi ka yi ta daka tsawa, saboda Allah ya yi ka dogo mai shuɗin ido.

Mujallar ta ce gidan talabijin zai yi fim a kan mahaifina, kakanka Ewald, yadda ya ɓoye tela Bayahude da 'yarsa a ɗakin ajiyar dankali lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wai kai ka kai musu labarin, kuma kai ne jarumin. Ba ka shawarce ni ba. To ga shawarar, ko ba ka nema ba: ka janye. Ba a kai mamaci kasuwa. Ni na haife ka, na san abin da nake faɗa.

Ka gaida Silke, ka ce mata yarinyar nan ta rame a hoton da kuka aiko.

Mahaifiyarka,
Irmgard

Wiesenrode, 19 ga Maris, 1996

Ɗana Detlef,

Ina gaishe ka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ko da yake ɗan da ya kashe wa uwarsa waya bai cancanci doguwar gaisuwa ba. Na ji abin da ka ce kafin ka kashe: "Mama, shekarata talatin da shida, yau ne kawai aka ce in fito a mutumin kirki." Na ji, kuma ya taɓa ni. Amma zauna ka karanta.

Ran Lahadi bayan coci na je ban ruwa a kabarin babanka, sai ga Gisela Plaschke, wadda muka tashi katanga ɗaya da ita. Ta dube ni ta ce, "Na karanta mujallar, 'yar mai gidan waya. Ashe babanki ne jarumin? To uwata fa, yawon shan iska ta tafi har wata goma sha ɗaya?" Na ɗauki butar ban ruwata na juyo gida. Ka san ba a saba rufe mini baki ba.

Ga gaskiyar. An ɓoye tela Katzenstein da 'yarsa a titinmu, amma ba a gidanmu ba. A gidan Hedwig ne, uwar Gisela, mai wankau. Kakanka yana raba wasiƙu, yana kuma sa wa jam'iyyar Nazi ido a unguwa. Shi ya lura Hedwig tana shanya rigar yarinyar da ba ta Gisela ba. Shi ya kai rahoto. Ina da shekara goma, ina tsaye a taga 'yan Nazi suka fito da su. Hedwig ta dawo daga inda aka tsare ta bayan yaƙi babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Telan da 'yarsa ba su dawo ba.

Kana aji biyar malaminku ya ce kowa ya tambayo abin da kakansa ya yi lokacin yaƙi. Ka zo da littafinka ka tsaya mini a kicin, sai na ɗauke labarin daga gidan Hedwig na dawo da shi gidanmu. Ni da na taɓa marinka don ka yi ƙarya a kan cakulan, ni na yi maka wannan. Laifina ne, ba naka ba, kuma ba na neman uzuri.

Amma ƙaryar kicin daban, wadda za a nuna wa ƙasa gaba ɗaya daban. Na san kana iya rasa aikin. Na san ba lallai a sake ba ka irinsa ba. Duk da haka ka je ka gaya wa daraktan da bakinka kafin bikin Ista. In ba ka je ba, ni zan rubuta wa gidan talabijin, kuma ka san rubutuna ba ya buƙatar gyara.

Allah ya yi maka jagora.

Mahaifiyarka,
Irmgard

Wiesenrode, 2 ga Yuni, 1996

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyalinka. Wasiƙarka ta iso, bayan wata biyu da ka yi kana gaba da ni. Na karanta ta sau uku. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta taka tawada.

To, ka je ka faɗa. Ka ce daraktan ya sha taba biyu, sannan ya ce za a sake rubuta fim ɗin a kan Hedwig, a ba wata mace matsayin da aka ba ka. Kai kuma aka tambaye ka ko za ka fito a mai raba wasiƙun, ka amsa. Ka ce, "Ga shi nan, Mama, na koma cikin kaki." Haka ne. Amma ban taɓa alfahari da kai kamar yau ba, kuma kada ka sa ran in maimaita.

Ni ma na yi nawa. Na gasa kek na tuffa na kai wa Gisela. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Shekara hamsin, sai yau kika gane ƙofar gidana? Shigo, kina cika mini ɗaki da ƙuda." Na faɗi abin da na zo faɗa ina tsaye. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai yanka kek ɗin, ta ce sukari ya yi kaɗan, ta ci yanka biyu. Ta yarda marubucinku ya zo ya same ta, amma ban da ranar Alhamis, ranar likitanta ce.

Ka tambaye ni yadda kakanka yake tafiya da yadda yake magana. Saurara da kyau, don a nan za ka iya ɓata aikin. Kada ka yi tsawa. Kada ka murtuke fuska irin yadda Amurkawa suke sa ka. Mahaifina bai taɓa ɗaga murya ba. Yana cire hula ya gaida kowa, har Hedwig. Yana ajiye wa karnukan unguwa guntun tsiran nama a aljihu. Ranar da ya kai rahoton ya dawo gida da rana, ya wanke hannu, ya ɗora ni a cinyarsa ya gyara mini igiyar takalmi, yana yin fito irin na mai nishaɗi. Haka za ka yi shi. In ka mai da shi dodo, kowa zai kalla ya ce ba a gidansu aka yi ba. Ka yi shi yadda masu kallo za su so shi, kamar yadda na so shi.

Ka gaida Silke da yarinya. Ka aske gashin nan kafin a fara ɗauka.

Taka har kullum,
Mama