Jigon Misirawa da Namu

Talata, 8 ga Afrilu, 1986

Saura wata guda jarrabawa, tarihin Misira ya ƙi zama a kaina. Da la'asar na kai wa Kaka fura bakin kanal, littafina a hammata. Ya ga zanen wani Bamisire yana ɗebo ruwa daga kogin Nilu da doguwar sanda, guga a baki ɗaya, dutse a ɗayan, sai ya yi dariya.

"Ai jigo ne wannan. Amma dutsen ya yi ƙanƙanta, kafin azahar bayansa zai sage."

Ashe shekara talatin ya yi yana jan jigo kafin ruwan madatsar Tiga ya zo, ban taɓa tambayarsa ba. To wa ya koya wa wani, mu ko su?

Na tambayi Inna inda jigonmu yake. Ta ce tun ina firamare ta dafa tuwo da itacensa.