Gyaɗar da Baba Yake Ware Mana

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma muna nan. Inna tana fama da ƙafarta kamar kullum, Auta kuma ya koma makaranta.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya, likita ya ce hanta ce, kuma abin ya yi nisa. Da ya ji sana'ar Baba sayar da gyaɗa ce, sai ya ce in kawo gyaɗar da muke ci a gida. Kin san halin Baba. In ya buɗe buhu a sito, sai ya tsince masu kyau ya kai gaban shago, waɗanda suka yi fumfuna kuma ya ƙullo mana a leda, wai shi ba zai sayar wa mutane ruɓaɓɓen abu ba, kuma ba a zubar da abinci. Mu wanke, mu shanya, mu soya. Ke ce ma gwanar suyar, har kina tsokanarsa cewa mu ne kajin gidan.

Da na kai gyaɗar, matar da ke ɗakin gwaji ta sa na leƙa ta madubinta mai ƙara girman abu. Abin kore ne da ɗan rawaya, da kawuna kamar na ashana. Ta ce fumfuna dangi-dangi ce, akwai ma wadda ake samun maganin allura daga gare ta, amma wannan sunanta Aspergillus flavus, tana son danshi, kuma tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Ruwa ba ya wanke gubar, suya ba ta kashe ta, a hankali take cin hanta. Ta ce mu ma duk mu zo a duba mu. Na ce to, na yi godiya, na dawo gida na ɗora tukunya. Har yau ban yi kuka ba, Yaya, ba na jin komai.

Jiya na gaya wa Baba. Ya tambaye ni ko akwai wanda gubar ta taɓa cikin masu saye a wurinsa. Na ce a'a, ai mu muka cinye duka. Ya ce alhamdu lillahi, ya juya ya fuskanci bango. Ki zo ki gan shi, kada ki jira hutun yara.

Inna da Auta suna gaishe ki. Ki gai da Kawu da Gwaggo, ki shafa mini kan 'yan biyu.

Taki har kullum,
Ƙanwarki