Tafin Hannunka a Kan Bunsuru

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai littafinka na waƙoƙin yara yana wurina. Da aka raba kayanka a gidanmu na Ƙofar Marusa, su Yaya suka ɗauki riguna da agogo, ni na ɗauki tsohon littafin. Ba wanda ya yi mini gardama.

Ka san yadda yake: waƙa a dama, zanenka na biro a hagu. Bayan la'asar kake tara mu a tsakar gida ka karanta mana. Wannan ban manta ta ba:

Wani Alhaji ya zo kasuwa,
Da hula da gemu da taƙama,
Mai alayyafo ya durƙusa,
Alhaji ya cinye kayan duka.

Jikarka Hauwa ta shekara shida, ba ta riske ka ba. Abin da ta sani naka hoton falo ne, wanda ka ɗaure fuska kamar mai karɓar haraji. Na so ta san kai mutum ne mai ban dariya. Takardun sun fara zubewa, sai na kai littafin wani shago kusa da ofishinmu a GRA, aka buga a kwamfuta, aka gyara zanen, aka sa masa launi.

Na zauna zan karanta mata. Kafin in gama baitin farko ta kalli zanen, ta ce ai Alhajin bunsuru ne, ta koma wasanta. Na gwada waƙa uku, ko murmushi. Abin ya dame ni, Baba. Har na fara zargin ko dariyarmu ta da, ladabi ne kawai.

Ranar Juma'a na kai wa ƙanwarka Gwaggo Asabe littattafan biyu. Sabon ko kallo bai ishe ta ba. Ta buɗe tsohon, ta nuna mini duhun da ke kan kowane zane, wanda na sa mai shago ya goge a sabon don na ɗauka dauɗa ce. Ta ce wurin tafin hannunka ne. Rufe zanen kake yi har baitin ƙarshe ya fita, sannan ka ɗaga. Sai na tuna muna jan yatsunka kana cewa, "Ku dakata, zane bai gudu."

Na koma gida na zaɓi wadda Hauwa ba ta gani ba, ta Hajiyar da ta haura katanga da gyalenta. Na rufe, na karanta, na ɗaga. Kyanwa ce. Ta yi dariya har da shaƙuwa, ta tambaye ni wa ya zana.

Yanzu ita ke karanta wa yaran makwabta daga tsohon littafin. Tana ɗora hannu daidai inda naka ya bar alama, amma bai kai rabinsa ba, ƙahon bunsurun na leƙowa. Sai ta haɗa biyu.

Na yi kewarka, Baba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka cikin masu dariya ranar da za a tashe mu.

'Yarka,
Binta