Tara Cikin Arba'in da Shida

Lahadi, 5 ga Maris

Kartar poka a bayan shagon Dansou da la'asar, kamar kullum, mu huɗu. Masu zanen zuciya biyu a hannuna, biyu a kan tebur, saura kati ɗaya a buɗe. Tara ne za su cece ni, cikin arba'in da shida da ban gani ba. Na zo raba lissafin, sai kaina ya tsaya cak. Shekara talatin ina koyar da lissafi a Kwatano! Sossa ya ce, "Furofesa, ko alli za a kawo maka?" Aka yi dariya. Na zubar da katin.

A kan babur, wajen gada, amsar ta zo: kusan ɗaya cikin biyar. Kuɗin da ke tsakiyar tebur sun ninka abin da zan zuba in bi sau bakwai. Da na bi.

Laraba, 8 ga Maris

Na jarraba lissafin ni kaɗai a ɗaki. Sau goma, huɗu daidai.

Lahadi, 12 ga Maris

Na bi Gbenou har ƙarshe ina jiran ɗaya cikin kati takwas, ashe biyu a ciki suna gabana a buɗe. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ba wanda ya yi dariya. Sossa, mai bakin nan, ya tura min farantin kifi ya ce, "Ci, tsoho, zafi ne." Gara ya zage ni.

Talata, 21 ga Maris

Senami, 'yata, ta tarar da ni a ƙofa da makulli a hannu, ban san shiga zan yi ko fita ba. "Baba, mu je a duba ka." Na daka mata tsawa. Haka mahaifina ya fara, a kan kuɗin kasuwa. Ita ba ta sani ba.

Lahadi, 26 ga Maris

Ban je karta ba.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Dansou ya zo da kansa ya ɗauke ni. "Kujerarka ba ta iya karta ba, tashi." Ban ƙirga komai ba yau, fuskoki na yi ta kallo. Ashe Gbenou kan sosa kunne in ba shi da komai. Shekara goma sha biyu ban lura ba. Na ci hannu ɗaya, na faɗi biyar. In na daɗe ina tunani, sai su kama hirar ƙwallo, wai ba jirana suke ba.

Na ce wa Senami Alhamis ba ni da abin yi, mu je a duba ni ɗin. Don kunnena ya huta ne kawai.